Kula da Kowane Ɗalibi da Karrama Masu Ƙoƙari: Tambayoyi da Amsoshi ga Iyaye da Malaman Firamare a Ƙasar Daura

Waɗannan su ne tambayoyin da suka fi yawan tasowa a taron iyaye da malamai da zaman kwamitin kula da makaranta, tun daga cikin garin Daura har Baure, Zango, Sandamu da Mai'adua. Amsoshin na masu aikin aji ne da masu duba makarantu. Duk sun tsaya a kan abu guda: makarantar da ba ta san matakin kowane yaro da sunansa ba, ba za ta iya jawo na baya ba, kuma kyautar da za ta raba a ƙarshen shekara da wuya ta faɗa hannun mai ita.

Wa ke da alhakin firamaren unguwarmu, kuma wurin wa za mu kai kuka?

Dokar ilimin bai-ɗaya (UBE) ta 2004 ta ce karatun shekara tara na farko kyauta ne kuma tilas ne: shida a firamare, uku a ƙaramar sakandare. Hukumar ilimin bai-ɗaya ta ƙasa, UBEC, da ke Abuja tana samun kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya, amma jiha ba ta karɓar kuɗin gine-gine sai ta ajiye nata kason. A Katsina hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, SUBEB, ce ke riƙe da firamare, kuma kowace ɗaya daga cikin ƙananan hukumomi 34 tana da hukumar ilimi ƙarƙashin sakataren ilimi.

Kuka kuwa daga ƙasa ake fara shi: malamin aji, sai hedimasta, sai kwamitin kula da makaranta (SBMC), sannan ofishin sakataren ilimi. Ku rubuta shi, ku sa kwanan wata da adadi. "Aji uku ba malami tun farkon zango, yara 74" ya fi "makarantarmu ta lalace" saurin samun amsa. Masu tsallake matakan nan su wuce Katsina kai tsaye, sau da yawa takardarsu ƙaramar hukumar ake mayar da ita, an yi asarar wata guda a banza.

Malam, ajina yara tamanin ne. Ta yaya zan kula da kowa?

Manufar ilimi ta ƙasa ta ce malami ɗaya ga yara 35 a firamare, kuma kowa ya san inda muke da wannan adadi. Amma cunkoso bai hana a san wanda ya iya karatu da wanda bai iya ba. Abin da ake buƙata shi ne gwaji na baki, yaro ɗaya bayan ɗaya, a makon farko ko na biyu na zangon farko.

A tanadi kati mai kashi huɗu, duk da Hausa: baƙaƙe goma, kalmomi goma masu gaɓa biyu, sakin layi mai jimla huɗu, da gajeren labari mai jimla takwas zuwa goma tare da tambayoyi biyu. A fara wa yaro da sakin layi. In ya karanta shi da kuskure biyu ko ƙasa da haka, a kai shi labari. In ya cije, a sauko da shi kalmomi, in nan ma ya gagara, a koma baƙaƙe. Da haka kowane yaro zai faɗa ɗaya daga matakai biyar: mafari, mai baƙi, mai kalma, mai sakin layi, mai labari. A lissafi ma haka: gane lamba daga 1 zuwa 9, daga 10 zuwa 99, ɗebewa mai aro, sannan rabawa. Ƙungiyar Pratham ta ƙasar Indiya ce ta yaɗa wannan hanya, kuma ba ta cin komai sai kwali da maka.

Minti biyar ya ishi yaro guda. Yara tamanin minti 400 ke nan, ƙasa da awa bakwai. Malamai biyu, awa ɗaya kullum, sun gama a kwana huɗu.

Abubuwan da ke ɓata gwajin sanannu ne. In aka yi shi a gaban aji, sauran yara za su haddace katin kafin layi ya zo kansu, don haka a zauna a gindin bishiya ko a baranda, kuma a riƙe kati kala biyu ko uku. In bulala na kan tebur, yaron da ya iya ma baki zai ƙi buɗuwa. Mafi muni shi ne ƙara wa yara mataki don kada a ga baiken makaranta. Wanda aka rubuta "mai labari" alhali baƙi bai sani ba, an fitar da shi daga jerin masu buƙatar taimako ke nan, kuma da haka zai kai aji shida.

An gama gwaji. Sai me?

Sai a ware awa ɗaya kullum, da safe kafin rana ta yi zafi, a haɗa 'yan aji uku zuwa biyar a raba su bisa mataki, ba bisa aji ba. Sauran darussan yini kowa ya koma ajinsa.

Masu matakin farko da na baƙi suna aiki da katin baƙaƙe da rubutu a ƙasa da tsinke. A koyar da sauti kafin sunan baƙi, a shiga gaɓoɓi da wuri: ba, be, bi, bo, bu, a haɗa su su zama "baba", "babu", "bara". A ba masu lanƙwasa, wato ɓ, ɗ, ƙ, lokacinsu na musamman, haka tagwayen baƙaƙe irin sh, ts, ky, gw, don nan ne yara suka fi tuntuɓe. Yaron da ba ya bambance "bari" da "ɓari" ko "kafa" da "ƙafa" a rubuce bai shirya wa sakin layi ba tukuna. Masu kalma su riƙa gina jimla. Masu sakin layi su karanta, su faɗi abin da suka fahimta da bakinsu. A lissafi, karan dawa da aka yanka tsawon ɗan yatsa aka ɗaure goma-goma da roba ya fi kowane zane a allo nuna ma'anar aro: yaro ya kwance ɗauri ɗaya da hannunsa ya ga ya zama goma.

A maimaita gwajin duk bayan mako shida, wanda ya haura a matsar da shi nan take. Kuskure biyu ne ke kashe tsarin. Na farko, a ba rukunin ƙasa malamin da ya fi kowa rauni ko ɗan koyon aiki, alhali su ne suka fi buƙatar gwani. Na biyu, a bar rukuni ya zama lamba a goshin yaro. Kada a ji kalmar "daƙiƙai" a bakin malami ko da wasa. A sa wa rukunoni sunan launi ko na bishiya, ya wadatar.

Ɗana yana aji biyar, an zaunar da shi da 'yan aji uku. Wannan ba cin fuska ba ne?

Alhaji, awa ɗaya ce a yini, kuma ba a mayar da shi baya ba. Ku je ku nemi malam ya gwada shi a gabanku da katin nan. In ya karanta, a gyara kuskuren ranar. In bai karanta ba, gara a gane yanzu da a gane a ɗakin jarrabawar shiga sakandare. Yaro babba ya kan haura matakan da sauri fiye da ƙanana, muddin ba a karya masa gwiwa a gida ba.

Me ya sa da Hausa ake farawa? Ai Turanci muke so su iya.

Mu ma shi muke so su iya. Amma koyon karatu daban, koyon sabon harshe daban, kuma ɗora wa ɗan shekara shida duka biyun a lokaci guda shi ke haifar da yaran da ke rera shafi da ka ba su san abin da ke ciki ba. Rubutun Hausa yana bin furuci, wasula biyar ne, abin da aka gani shi ake faɗa. Yaron da ya gane cewa baƙi na wakiltar sauti ba ya sake koyon wannan in ya zo Turanci, kalmomi kawai zai ƙara. Ana iya koya masa Turancin baka tun aji ɗaya.

Wanda ya fito daga makarantar allo ya riga ya san babbaƙu da farfaru, ya san ana haɗa baƙi da wasali a fitar da sauti. A gina a kan wannan, a lura kawai da cewa hannunsa ya saba farawa daga dama. 'Ya'yan Fulani da suka zo da Fillanci kaɗai, a zaunar da su kusa da yaron da ke jin harsunan biyu. Shirunsu na makonnin farko ba rashin kai ba ne.

Yaya ake shawo kan fashi?

Da rajista, in ana kiranta da gaskiya. A kira sau biyu: da safe da kuma bayan tara, don akwai masu fita cin abinci ba su dawo ba. Rajistar da aka cike ta mako guda a zama ɗaya ranar Juma'a ba ta da wani amfani.

A tsayar da ƙa'ida kowa ya sani: kwana uku a jere, ko kwana biyar a wata, sai an je gida. Kafin a je, a duba wace rana yaron ke ɓacewa, don ranar kan tona dalilin. Mai fashi rana ɗaya tak a kowane mako, galibi kasuwa ce ko talla. Mai ɓacewa da saukar damina ko lokacin girbi, gona ce. Daga Agusta zuwa Oktoba zazzaɓin cizon sauro ya kan kwantar da yara da yawa. Wani kuma yunifom ne ya yage, kunya ta hana shi fitowa.

Wanda za a aika shi ma abin dubawa ne. Malami namiji a ƙofar gida zai tsaya, maganar kuwa sau da yawa tana wurin uwa. Don haka a haɗa shi da wata daga ƙungiyar iyaye mata, ta yi sallama ta shiga ciki. In abin ya ci tura, a sa mai unguwa ko liman. A je da tambaya, ba da faɗa ba. In talla ce ke riƙe gidan, roƙon a mayar da ita bayan an tashi makaranta ya fi neman a daina ta gaba ɗaya yiwuwa. Dukan masu makara a bakin ƙofa kuwa fashi yake ƙarawa: yaron da ya san ya makara sai ya laɓe a kango har a tashi.

Me ya sa 'yan mata ke raguwa daga aji biyar?

Ban da talla da aure, akwai dalilan da makaranta za ta iya gyarawa da kanta. Banɗaki na mata daban, mai ƙyaure da sakata da ruwa a kusa. Malama ko uwa guda da yarinya za ta iya gaya wa lalurarta ta wata-wata. Inda babu waɗannan, yarinyar da ta fara girma za ta riƙa rasa kwanaki kowane wata har ta ga an bar ta a baya ta haƙura.

Babban ramin yana tsakanin aji shida da ƙaramar sakandare. Katsina na cikin jihohi bakwai da aka fara shirin AGILE na Bankin Duniya da su, wanda aka amince da shi a 2020 domin karatun 'yan mata a sakandare. Amma shiri ba ya bin yarinya gida. Hedimasta ya riƙe jerin sunayen 'yan aji shida, a mako na uku na sabuwar shekara kwamiti ya bi suna-suna ya tabbatar wace makaranta kowacce ta shiga.

Yaro mai lalura fa? Makarantarmu ba ta da kayan aiki.

Yawancin masu lalura a aji ba a ma san da su ba. Yaron da ke kwafar allo da kuskure ko yana ƙanƙance ido, a gwada shi da allon gwajin ido mai harafin E daga nisan mita shida, ido ɗaya a rufe, ya nuna da yatsu inda ƙafafun harafin suka fuskanta. Wanda ya kasa, a ba iyaye takarda zuwa asibiti, kafin nan a dawo da shi bancin gaba. Wanda ba ya amsawa sai an taɓa shi, a tambayi iyaye ko ya taɓa yin sanƙarau, ƙyanda ko ciwon kunne mai ruwa, don duk suna iya taɓa ji. Malami ya fuskance shi in zai yi magana, kada ya yi bayani yana kallon allo.

Ga mai keke ko sanda, gangaren shiga aji yana son tsawon sha biyu ga kowane tsayi ɗaya: dakali mai tsayin santimita 30 yana buƙatar gangare mai mita 3.6. Wanda ya fi haka tsini, keke baya zai juya. Faɗin ƙofa ya kai santimita 90.

Mai sikila a bar shi ya sha ruwa duk lokacin da ya so, kada a tsayar da shi a rana ko a sa shi aikin ƙarfi, a kula da shi da sanyin hunturu. Farfaɗiya ba a ɗaukarta ta yawu ko taɓawa. In ta tashi, a kawar da benci, a sa abu mai laushi ƙarƙashin kai, kada a cusa cokali ko wani abu a baki, a kwantar da shi ta gefe in jijjigar ta lafa. In ta wuce minti biyar, asibiti.

Dokar hana nuna wa masu nakasa bambanci, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2019, ta ba su haƙƙin karatu kamar kowa. Wanda ba ya ji ko ba ya gani sam, akwai makarantar kurame a Malumfashi da ta makafi a Katsina, ofishin sakataren ilimi zai nuna hanyar shiga.

Mai hazaƙa sosai ba za a danne shi ba?

Za a danne shi in aikinsa kullum shi ne rubuta sunan masu surutu. A ba shi littafi mafi wuya da lissafin ajin gaba. A sanar da iyaye da wuri game da jarrabawar da NECO ke shiryawa ta shiga kwalejojin gwamnatin tarayya, irin ta Daura da ta 'yan mata da ke Bakori, domin da yawa ba faɗuwa suke yi ba, rajistar ce ke wuce su.

Mu zo kan kyauta. Me ya hana a ba na ɗaya, na biyu, na uku kamar yadda aka saba?

Ba abin da ya hana, a ba su, guminsu ne. Matsalar ita ce in nan aka tsaya. A aji mai yara tamanin, ukun nan kusan su ne dai kowace shekara, sauran 77 tun zangon farko sun san ba da su ake yi ba. Kyautar da mutum ya san ba zai taɓa samu ba ba ta sa shi ƙara himma.

Shi ya sa muke ganin kyautar ci gaba ta fi kowace muhimmanci, kuma littafin matakai, inda ake rubuta sakamakon gwajin kowane yaro, shi ne ke fitar da mai ita. Yarinyar da ta shigo a Satumba ba ta san baƙi ba, ta kai Yuli tana karanta sakin layi, ta haura mataki uku. Wataƙila ita ce ta arba'in a jarrabawa, amma a ajin babu wanda ya yi tafiyar da ta yi. A ƙara da kyautar zuwa makaranta daga rajista, da ta wanda ya daina fashi, da ta tsafta, rubutun hannu, karatun Alƙur'ani, wasanni, aikin hannu, da ta mai taimakon 'yan uwansa, wadda yara da kansu za su zaɓa. Kada yaro ɗaya ya wuce kyauta biyu. In an tashi jerin aka ga maza zalla, a sake duba ma'aunin. A tuna da uwar da ta tsaya wa karatun 'yarta, da malamin rukunin ƙasa da ya fi haurar da yara.

Ta yaya za a kauce wa zargin son kai?

A faɗi ƙa'idojin tun zangon farko a taron iyaye, a manna su a ƙofar ofis. Kwamitin mutum biyar ya yi zaɓen: hedimasta, malamai biyu, uba ɗaya da uwa ɗaya daga SBMC. Kowane suna ya zo da hujjarsa a rubuce, rajista ko takardar maki ko littafin matakai. Wanda ɗansa ke cikin takara ya fita waje lokacin da ake maganar ajin. A manna jerin mako guda kafin biki don mai ƙorafi ya kawo. In biyu sun yi kunnen doki, a ba su duka. Ƙara sunan ɗan wani babba a daren biki, ko sau ɗaya aka yi, yara sun gani, kuma shekara mai zuwa ba za su yarda da jerin ba.

Wace irin kyauta ta dace?

Wadda za ta koma aji: littattafan rubutu rabin dozin, biro da fensir, akwatin lissafi, jaka, takalmi, yadin yunifom, littafin labarai na Hausa. A haɗa da takardar shaida mai sunan yaro da dalilin kyautar da hatimin makaranta, don littafi zai ƙare, takardar kuwa tana nan a adaka. Kuɗi a hannun ɗan firamare ba ya kwana.

Ina za a samo kuɗin?

Ba ta hanyar ɗora wa yara haraji ba. Wanda ubansa bai biya ba shi ne zai ƙi zuwa ranar, kuma sau da yawa irinsa ake son jawowa. A nemi tsofaffin ɗalibai da 'yan kasuwar unguwa, a roƙi kaya maimakon kuɗi. Ma'ajin kwamiti ya rubuta duk abin da ya shigo da wanda ya fita, a karanta a taron iyaye na gaba. Kada kuɗin rumfa da lemon manyan baƙi ya fi na kyautar yara. Mai siyasa in ya kawo gudummawa a karɓa a gode, amma ban da hotonsa a bangon littafi.

Yaya za a tsara ranar kanta?

A tsayar da rana mako shida kafin lokaci, a kauce wa ranar kasuwa da Juma'a. Ƙarshen zango na uku cikin damina yake faɗawa, don haka a yi da safe, ƙarfe tara zuwa sha ɗaya da rabi, a kuma share aji mafi girma ko da hadari zai taso. A kai wa hakimi ko dagaci da sakataren ilimi goron gayyata mako biyu kafin ranar. Iyaye mata a aika musu ta bakin 'yan uwansu mata, a tanadar musu wurin zama mai inuwa inda za su ga fili, ba bayan taro ba.

Yara su zauna a inuwa, da randar ruwa kusa. A buɗe da addu'a, jawabi kada ya wuce uku, kowanne minti biyar. A fara raba kyauta kafin ƙananan yara su gaji, 'yan aji ɗaya a gaba. A kira yaro da sunansa da na mahaifinsa, a faɗi abin da ya yi a jimla ɗaya, mahaifi ko mahaifiya su fito tare da shi. A ba wasu daga cikin waɗanda suka haura mataki lasifika su karanta gajeren labari, bayan sun yi atisaye kwana uku da lasifikar a hannu don kada murya ta sarƙe. Ba a karanta sunan na ƙarshe, ba a kwatanta yaro da yaro. Hoton da za a sa a Facebook ko WhatsApp a nemi yardar iyaye tukuna, musamman na 'yan mata.

Dole sai ƙarshen shekara za a yaba wa yaro?

A'a, wata tara ya yi wa ɗan shekara bakwai nisa. A taron safe na kowace Litinin a kira waɗanda suka haura mataki da ajin da ya fi zuwa a makon jiya. Malami ya rubuta layi biyu a 'yar takarda, "Yau 'yarku ta karanta jimla ita kaɗai", ya ba ta ta kai gida ta karanta musu da kanta.

Bayan biki, ina littafin matakai ke zuwa?

Wurin malamin ajin gaba, hannu da hannu, kafin a tafi hutu. Malaman biyu su zauna rabin awa su bi jerin: wa ke zama gaba saboda ido, wa ke da sikila, wa ke ɓacewa da damina, wa ya tsaya a mataki ɗaya zango biyu. Kwafi ɗaya ya zauna a ofishin hedimasta cikin leda, a akwatin ƙarfe, saboda gara da yoyon rufi. In an dawo a Satumba a sake gwajin daga farko, don dogon hutu ya kan sauko da wasu yara mataki guda, sai a rubuta sabon sakamakon a gefen na Yuli.